Kitsen da ke zagaye wuya: abin da tiyata za ta iya, da inda ƙarfinta ya tsaya

Gaisuwa ga mutanen Birni da Zango da Sabon Gari a nan Damagaram. Gaisuwa ga masu jinmu a Mirriya da Magarya da Matamaye, har Tanut da Gure. Allah ya ƙara wa marasa lafiya sauƙi, na gida da na asibiti.

Sharhinmu na yau a kan wani kumburi ne na wuya. Kumburi ne marar zafi, kuma rashin zafin nan shi ke yaudarar mutane. Kitse ne yake taruwa, dama da hagu daidai wa daida, ya zagaye wuya, ya hau ƙeya, ya sauko kafaɗu. Likitoci suna kiransa cutar Madelung. Maganar da za mu yi ta maimaitawa yau guda ce. Tiyata tana rage wannan kitse, tana buɗe wa mutum numfashi, tana maido masa da kamanninsa. Amma ba ta tuge saiwar cutar. Wanda ya san haka tun kafin ya kwanta a gadon aiki, ba zai ji an cuce shi ba daga baya.

Bari mu fara da yadda abin yake bayyana.

A ɗauki magidanci mai shekara arba'in da 'yan kai. Da fari wani ɗan tudu ne yake ji a bayan wuya in ya ɗora kai a matashi. Shekara ta zagayo, wani ya fito a ƙarƙashin kunnen dama, ɗan'uwansa a ƙarƙashin na hagu. Maɓallin wuyan riga ya daina shiga. Ya kai wa tela ya buɗa wuyan, bayan watanni ya sake kai masa. Abokai a majalisa suna cewa Malam ya samu daula, ga wuya ya yi kauri. Amma a dubi hannuwansa daga gwiwa zuwa ƙasa, a dubi ƙwaurinsa, ba su ƙara komai ba, wani lokaci ma ramewa suke yi. Daga baya waiwaye ya gagare shi, sai ya juya da jikinsa gaba ɗaya. Uwargida ce kan fara lura da cewa minsharin maigida ya canza, har numfashi yakan ɗauke masa cikin barci. Shi kuwa ya koma naɗa rawani ko yafa mayafi ko da zafin bazara, don kada a yi ta kallonsa.

Cutar ba sabuwa ba ce a littattafan likitanci. Wani likitan tiyata na Ingila, Benjamin Brodie, ya bayyana ta a 1846. Bajamushe Otto Madelung ya tattara labarin marasa lafiya da dama ya rubuta a 1888, shi ya sa sunansa ya bi ta. A 1898 Faransawa biyu, Launois da Bensaude, suka ƙara bayani, don haka likitocinmu da suka yi karatu da Faransanci sukan kira ta da sunan waɗannan biyun. Ba cuta ba ce da ake gani kullum, a nan ko a wani wuri. An fi samun labarinta a ƙasashen bakin tekun Bahar Rum, musamman Italiya, kuma ta fi kama maza masu matsakaitan shekaru.

To, ga abin lura na farko, kuma muhimmi ne gare mu a nan. Ba kowane kumburin wuya ba ne wannan cuta. A ƙasarmu ma, mafi yawansu ba ita ba ce.

Akwai maƙoƙo, wanda kowa ya sani, wanda sau da yawa ƙarancin sinadarin ayodin a abinci ke kawowa. Akwai kaluluwar tarin fuka da kan fito a gefen wuya. Akwai ciwon daji. Akwai kitsen ƙeya da ke fito wa mai shan ƙwayoyin sa ƙiba, irin waɗanda ake kira sha ka fashe, tare da kumburin fuska. Wasu tsofaffin magungunan cuta mai karya garkuwar jiki ma suna tara kitse a wannan wuri. Akwai kuma ƙarin kitse guda ɗaya tilo, mai laushi, mai gudu a ƙarƙashin yatsa. Kowannensu da maganinsa. Ido kaɗai ba ya raba su.

Ku dubi abin da likita yake yi a ɗakin duba marasa lafiya. Yakan zagaya bayan mutum, ya ɗora yatsunsa a gaban wuya, ya ce, "Baba, haɗiyi miyau in gani." In kumburin ya hau sama ya sauko tare da maƙogwaro, hankalinsa sai ya tafi ga maƙoƙo. In ya tsaya cik, ya san wani abu ne daban. Sai ya lalubi gefensa, yana neman inda ya fara da inda ya ƙare. Daga nan ya tura a yi hoton eko. In ana batun aiki, sai an yi hoton sikana, domin shi ke nuna ko kitsen ya nutsa ciki, ko ya matse hanyar iska, ko ya gangara ƙirji ta bayan ƙashi. Mutumin ƙauye yakan fara da ƙaramin asibitin garinsu, a tura shi asibitin gunduma, daga can a ba shi takarda zuwa babban asibitin ƙasa na Zinder. Wannan takarda tana da amfani, a riƙe ta da kyau.

Yanzu mu zo ga dalilin da ya sa aikin wannan cuta yake da wuya.

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mahauci a Kasuwar Dole ya san kitse iri biyu ne. Akwai wanda yake kwance gefe guda cikin tantaninsa, mahauci ya sa bakin wuƙa ya ɗaga shi gaba ɗaya. Akwai kuma wanda ya ratsa cikin tsoka, ba yadda za a raba su sai an ɓata naman. Ƙarin kitse guda ɗaya tilo irin na farko ne. Yana da jakarsa. Allurar kashe zafi, ɗan tsagi, a fito da shi, mutum ya koma gida a ranar, kuma da wuya ya dawo. Kitsen Madelung irin na biyu ne. Ba shi da jaka. Ba shi da iyaka. Yana kutsawa tsakanin tsoka da tsoka, yana naɗe jijiyoyin jini, yana rungume jijiyoyin da ke motsa leɓe da kafaɗa. Likita ba zai iya kwashe shi tas ba, ko da ya fi kowa gwaninta. Abin da ya rage a ciki kuwa yana iya sake tohowa.

Wannan shi ya sa muka ce tiyata tana ragewa, ba ta tugewa.

Kafin mu shiga ɗakin aiki, akwai tambayar da kowa ke yi. Shin babu magani na sha? Har yanzu ba a samu ƙwayar da ke narkar da wannan kitse ba. An gwada wasu, sakamakon bai gamsar ba. An gwada allurar narkar da kitse a cikin kumburin, tana ɗan rage ƙanana, amma takan bar tauri a wurin, taurin kuma ya wahalar da likitan da zai yi aiki daga baya. Rage cin abinci ba ya taɓa shi. Mutum zai rame ko'ina, wuyan yana nan yadda yake. Don haka kada a matsa wa mai wannan lalura da gorin ci.

Hanyoyin tiyata biyu ne. Ga ta farko.

Ita ce a buɗe fata a yanke kitsen, likita yana ganin abin da yake yi. Yakan bi layin da fatar wuya ta saba naɗewa ya yi tsagin a nan, don tabon ya ɓuya. Sai ya ɗaga fatar, ya riƙa bin kitsen a hankali, yana ƙulle ƙananan jijiyoyin jini ɗaya bayan ɗaya, yana kauce wa manya. Aiki ne na awoyi, kuma kitsen nan yana da zubar da jini. In an gama, ana barin siririyar roba a ciki tana fitar da jini da ruwan da ke taruwa, har kwanaki. A naɗe wurin da bandeji mai ɗan matsi. In kumburin ya kama gaba da baya, ba a cika yin su rana ɗaya ba. A yi gaba, a bari mutum ya warke ya mayar da jini, bayan watanni a kifa shi a yi ƙeya. Wannan hanya ita ce ta dace da babban kumburi, da wanda ya nutsa ciki, da wanda ya fara shaƙe mutum. Tana kuma ba da damar a kai abin da aka ciro ɗakin bincike a tabbatar kitse ne zalla. Farashinta shi ne dogon tabo, da haɗarin taruwar jini ko ruwa, da yiwuwar a taɓa jijiya leɓe ya karkace ko kafaɗa ta yi nauyi. Ga mai baƙar fata akwai ƙarin abin lura. Wasu jikinsu yana yin tabo mai tashi, mai kauri da ƙaiƙayi. Wanda ya san huda kunne ko tsagar wanzami ta taɓa tashi a jikinsa, ya faɗa wa likita tun da wuri.

Hanya ta biyu ita ce zuƙe kitse. Wani likitan Faransa, Yves-Gérard Illouz, shi ya inganta ta a ƙarshen shekarun 1970. A 1987 wani likitan Amurka, Jeffrey Klein, ya bayyana dabarar cika wurin da ruwan magani mai kashe zafi da rage zubar jini kafin a fara. Ana yin 'yar huda wadda ba ta kai faɗin yatsa ba, a zura siririn bututun ƙarfe, na'ura tana ja. Tabon kaɗan ne, jinya gajera ce. Amma likita ba ya ganin bakin bututun, da hannu yake jin inda yake. Saboda haka ba ya kusantar manyan jijiyoyin wuya, kuma kitsen da ke can ciki yana nan. Ga shi kitsen wannan cuta yana da zare-zare da tauri, ba ya biyo bututu da sauƙi. Zuƙa ta fi dacewa da kafaɗu da damatsa da baya da ciki. Kayan aikinta da gwanayenta kuma ba a kowane asibiti ake samunsu ba a yankinmu.

Wace ce ta fi? In ana maganar wuya, kuma numfashi ya fara tsananta, buɗewa ta fi, ba ja-in-ja. Ita ke kaiwa ga kitsen da ke kashe mutum. Likitoci da yawa a yau suna haɗa biyun, su yanke na tsakiya su zuƙe na gefe don wurin ya daidaita. Wanda aka ce masa za a zuƙe masa babban kumburin wuya cikin awa ɗaya ya tashi sumul, ya nemi ra'ayin likita na biyu.

Masu sauraro, ga inda maganar ta fi nauyi. Haɗari mafi girma a wannan aiki yakan zo tun kafin a taɓa wuƙa.

Mai wannan cuta wuyansa gajere ne, mai kauri, ba ya tanƙwaruwa baya. Idan aka sa shi barci, dole a zura masa bututun numfashi ta baki zuwa maƙogwaro. A wuya irin wannan, hanyar takan karkace ko ta ƙuntata. Shi ya sa likitan sa barci yake zuwa ya duba mutum kwana ɗaya ko fiye kafin aiki. Yakan ce a buɗe baki, a fito da harshe, a ɗaga haɓa. Wani lokaci sai an zura bututun mutum yana farke, an kashe masa zafin maƙoshi. Wani lokaci sai an huda maƙogwaro ta gaba na ɗan lokaci. Bayan aiki ma ana sa ido sosai daren farko, domin jinin da ya taru a wuya yana iya toshe numfashi cikin mintoci. Wannan aiki na babban asibiti ne, mai likitan sa barci, da iskar taimakon numfashi, da ajiyar jini. Gwargwadon jinkirin mutum, gwargwadon wahalar wannan mataki. Wanda ya zo yana iya kwanciya rigingine ya yi barci, aikinsa ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan wanda ya zo yana kwana a zaune.

A nan dole a yi maganar wanzamai, cikin girmamawa. Sana'a ce mai tarihi a ƙasar Damagaram, kuma jama'a sun yarda da masu ita. Amma wannan kumburi ba ƙurji ba ne. Babu mugunya a ciki da sakiya za ta fitar. Babu mataccen jini da ƙaho zai ja. Tsaga a wuya tana kusa da jijiyoyin da in aka yanke ɗaya, mutum ba zai kai asibiti ba. Ko an tsira daga wannan, kowane tsagi da kowace ƙuna suna barin tauri a ƙarƙashin fata, su manne kitse da jijiya. Wanzamin da ya ga irin wannan wuya ya ce, "Wannan ba nawa ba ne, ku tafi asibiti," ya yi aikin lada.

Sai batu na gaba, wanda yake buƙatar a saurare shi har ƙarshe. Batun giya ne.

A rahotannin Turai, mafi yawan masu wannan cuta sun daɗe suna shan giya mai yawa. Wannan gaskiya ce, kuma likita zai yi tambayar. Amma a ji da kyau. Akwai waɗanda ba su taɓa kai ta baki ba kuma suka kamu. An same ta ga mata. An same ta ga yara. A wasu gidaje gado ce, ta wani lahani a ƙwayoyin halitta da ake ɗauka ta wajen uwa. Saboda haka kada wani ya ji wannan shiri ya fita yana nuna dattijon unguwa da yatsa. Zato irin wannan zalunci ne, kuma shi ke sa mutum ya ƙara naɗe wuyansa ya ƙi zuwa asibiti.

Wanda kuwa ya san yana sha, ya faɗa wa likita gaskiya. Magana ce tsakaninsu biyu, kuma aikin likita ne ya riƙe sirri. Dalilin faɗar yana da ƙarfi. Hantar da giya ta gajiyar ba ta bari jini ya daskare da wuri, ga aikin da ma mai zubar da jini ne. Wanda jikinsa ya saba da sha kullum, in aka yanke masa farat ɗaya a gadon asibiti, yana iya shiga makyarkyata da ruɗewa bayan aiki. In likita ya sani, zai shirya. Barin giya ba ya narkar da kitsen da ya riga ya taru, amma shi ne abu mafi amfani da mutum zai yi wa kansa don rage saurin dawowarsa.

Cutar kuma ba a wuya kaɗai ta tsaya ba. Likitan Italiya Giuliano Enzi, wanda ya shafe shekaru yana bin masu ita a birnin Paduwa, ya nuna cewa da yawansu jijiyoyin ƙafa da hannu suna lalacewa. Ƙafa ta riƙa mutuwa, ko zogi, ko mutum ya taka ƙaya bai ji ba. Wani lokaci har jijiyoyin da ke daidaita bugun zuciya. Wuƙa ba ta gyara wannan. Shi ya sa ake auna suga, a duba hanta, a duba zuciya kafin aiki, kuma a ci gaba da dubawa bayansa. Labari mai daɗi shi ne, da wuya ƙwarai wannan kitse ya rikiɗe ya zama daji.

To yaushe ya kamata a yi aikin? In numfashi ya fara wuya, ko haɗiya, ko murya ta dishe, ko barci ya gagara, babu jira. In wuya ya daina juyawa har mai tuƙi ko mai kabu-kabu ba ya iya waiwaye, lokaci ya yi. Akwai kuma dalilin da wasu ke rainawa. Magidancin da ya daina zuwa ɗaurin aure da jana'iza saboda kallon mutane, shi ma yana cikin ciwo. Neman gyaran kamanni a nan ba ƙawa ba ce. Wanda kumburinsa ƙarami ne kuma bai dame shi ba, likita na iya cewa a bari, a riƙa aunawa.

Mu faɗi maganar kuɗi ba kunya. Tsarin jinya kyauta da Nijar ta fara a 2006 ya shafi yara 'yan ƙasa da shekara biyar, da tiyatar haihuwa, da wasu lalurorin mata. Magidanci mai wannan cuta shi da danginsa za su biya hoto, da gwaji, da magani, da aiki. In an ce sai Yamai, tafiyar kusan kilomita 900 ce. Wasu kan tsallaka ta Matamaye su bi Daura zuwa Kano, asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, domin ya fi kusa. Kowace aka zaɓa, a tafi da takardun gwaji da hotunan da aka riga aka yi. A yi lissafin aiki biyu, ba ɗaya ba. A nemi 'yan'uwa masu lafiya da za su ba da jini. Yanzu da Jami'ar André Salifou take yaye likitoci a nan Zinder, kuma ɗalibanta suna koyon aiki a babban asibitin garin, fatanmu shi ne irin wannan cuta da ba a cika gani ba ta riƙa samun mai gane ta tun daga ƙaramin asibiti, kafin a yi shekaru ana ba mutum maganin maƙoƙo.

Kafin a sa hannu a takardar aiki, mara lafiya yana da haƙƙin tambaya. Ya ce, "Likita, yanka za a yi ko zuƙa? Sau nawa? Ina tabon zai kasance? In ya dawo, me za mu yi?" Likitan kirki ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. Zai ce masa kitsen na iya dawowa, ga wasu bayan shekara kaɗan, ga wasu bayan shekaru masu yawa, kuma ana iya sake aiki. Shekarun da mutum ya samu yana numfashi sosai, yana barci, yana shiga jama'a, riba ce babba, ko da an sake komawa.

Jama'a masu sauraro, in akwai mai irin wannan kumburi a gidanku ko a unguwarku, kada ku jira sai ya yi zafi, domin ba zai yi ba. Uwargida, ke kika fi kowa sanin yadda maigida yake numfashi da dare, ki faɗa masa, ki faɗa wa likita. Matasa, ku raka iyayenku asibiti, ku riƙe musu takardu. Kada a tsaga, kada a ƙona, kada a yi gori. A je a duba a san ko mene ne, tun wuyan yana juyawa. Allah ya ba mu lafiya da zaman lafiya.